Tambaya da Amsa: Haɗa Ƙaramar Kwamfuta Marar Fanka a Zafin Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, kuma ina da ɗan ɗaki inda nake naɗar karatun malamai da darussan Islamiyya. Kwamfutar tebur da nake aiki da ita fankarta tana ƙara har makirufo yana ɗauka, ƙura tana yawan toshe ta, sannan tana saurin shanye batirin inbata. Na ji an ce ana iya haɗa ƙaramar kwamfuta marar fanka da furosesa irin na laftof. Shin zan iya ciro na tsohuwar laftof ɗina in yi amfani da shi? Kuma irin wannan kwamfuta za ta jure zafin Legas?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake son yi mai yiwuwa ne, kuma naɗar murya da gyara ta aiki ne marar nauyi wanda ya dace da irin wannan kwamfuta. Sai dai ina so ka riƙe abu ɗaya tun daga farko, wato cire fanka ba ya rage zafin da kwamfuta take haifarwa ko kaɗan. Kowane wat na lantarki da ta sha zafi yake komawa, kuma dole ya samu hanyar fita. Saboda haka duk shawarar da za ka yanke, daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta da take sarrafa aiki, har zuwa inda za ka ajiye akwatin, ka auna ta da wannan tambaya: wat nawa za a ƙona, kuma ta ina zafin zai bi ya fita a ɗakin da shi kansa yake da zafi?

Batun tsohuwar laftof gajere ne. Furosesan laftof na zamani a manne yake da madabod, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a kansa, an liƙe shi da ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma tun daga masana'anta. Rukunin ƙarshe na Intel da ake iya cirewa a soket ɗin laftof shi ne ƙarni na 4, wanda ya fito a 2013, kuma waɗannan suna cin wat 37 zuwa sama, abin da ya yi wa ƙaramin akwati marar fanka yawa. Don haka ba furosesa kaɗai za ka saya ba, madabod za ka saya wanda furosesa yake manne a jikinsa. Abin da za ka iya cirowa daga tsohuwar laftof shi ne RAM, wato ma'ajin wucin gadi na aikin da ake kan yi, idan irinsa ya dace, da SSD, wato ma'ajin fayiloli na dindindin, idan tana da shi.

Furosesan da nake ba ka shawara a kai shi ne Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023. Yana da ƙwayoyin aiki 4, gudunsa yana kaiwa gigahaz 3.4, kuma adadin zafin da kamfanin ya rubuta masa wat 6 ne. Ƙanensa N150, wanda ya biyo baya a farkon 2025, kusan abu ɗaya ne da ɗan ƙarin gudu, don haka duk wanda ka samu a farashi mai kyau ya isa. Zai ɗauki manhajar naɗar murya ta Audacity da aikin rubutu da intanet da kallon bidiyo ba tare da wahala ba, kuma yana karɓar Windows 11, abin da ya zama muhimmi tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Akwai i3-N305 mai ƙwayoyi 8 da wat 15, amma ban ga dalilin da zai sa ka ninka zafi fiye da sau biyu don aikin da N100 zai gama ba. Idan niyyarka nan gaba ita ce gyaran dogon bidiyo mai nauyi, to gaskiya wannan hanyar ba taka ba ce, gara kwamfuta mai babbar fanka mai juyawa a hankali.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Wat 6 da aka rubuta ba shi ne iyakar abin da furosesan yake ci ba. Idan aiki ya taso, yana da izinin haura wat 20 na ɗan lokaci, kuma masu ƙera madabod suna saita wannan iyaka yadda suka ga dama, wasu ma suna barin ta a sama don kwamfutarsu ta yi kyau a gwaji. A cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, akwai saiti biyu, PL1 da PL2. Na farko shi ne iyakar wat na aiki mai ɗorewa, na biyu kuma iyakar ɗan gajeren yunƙuri. A wurina, madabod ɗin da bai ba ka damar taɓa waɗannan saiti ba bai cancanci shiga akwati marar fanka a Legas ba, domin su ne linzamin da za ka riƙe zafi da shi. Ka tambayi mai sayarwa ya kunna ya nuna maka su kafin ka biya. Ni zan sa PL1 tsakanin wat 8 da 10, PL2 kuma kusan 15, sannan in ƙara ko in rage bayan gwaji.

Dalilin wannan takatsantsan shi ne yadda sanyaya marar fanka take aiki. Zafi yana tashi daga furosesa ya shiga ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari, iskar da take tsakanin haƙarƙarin ta ɗumama ta yi sama, wata mai ɗan sanyi ta shigo daga ƙasa ta maye gurbinta. Amfanin haƙarƙarin shi ne faɗaɗa wurin da ƙarfe yake haɗuwa da iska, kamar yadda tuwon da aka baje a faranti yake riga malmala hucewa. Amma ƙarfen ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin ba, kullum zafinsa ƙari ne a kan zafin ɗaki. Misali, idan wani akwati yana sa kayan cikinsa su ɗara ɗaki da digiri 35, a ɗaki mai digiri 22 za su tsaya a 57, amma a ɗakinka na Agege a watan Maris, lokacin da zafin rana yake kaiwa digiri 33 ko 34, za su kusa 70. Da yawa daga gwaje-gwajen da kake gani a YouTube a ɗakuna masu sanyi aka yi su, don haka duk lambar da ka gani ka ɗora mata aƙalla digiri 10 kafin ka yarda da ita. Ɗakin naɗar murya kuwa ya fi kowane ɗaki wannan matsala, tunda ana rufe taga a kashe fankar sama lokacin ɗauka, ga labule ko soso a bango.

Furosesan kansa ba shi ne abin tsoro ba, domin N100 yana jure har digiri 105, kuma kafin ya lalace zai rage gudunsa da kansa. Wanda yake fara galabaita shi ne SSD. Yawancin na gida an ƙera su ne su yi aiki har zuwa digiri 70, kuma irin NVMe masu tsananin gudu su kansu suna ƙara zafi a cikin akwatin. Idan SSD ya yi zafi ya rage gudu ana tsakiyar ɗauka, kana iya samun tsinkewa a karatun malamin da ba lalle ya samu damar maimaitawa ba. Saboda haka ka zaɓi SSD irin SATA mai inci 2.5, ko NVMe mai matsakaicin gudu, ka sa masa ɗan kushin ɗaukar zafi da zai haɗa shi da jikin akwati. Naɗar murya ba ta buƙatar gudun da ake tallata manyan SSD da shi. RAM kuwa sanda ɗaya N100 yake aiki da ita, kuma iyakar da Intel ta rubuta gigabait 16 ce, ita nake so ka sa idan aljihu ya yarda, in ba haka ba 8 za ta yi.

Game da jikin kwamfutar, hanya ta farko ita ce sayen madabod irin Mini-ITX, mai faɗin santimita 17 a kowane gefe, kamar ASRock N100DC-ITX ko ASUS Prime N100I-D D4, waɗanda suke zuwa da ƙarfen zuƙe zafi a kan furosesa ba tare da fanka ba. Irin waɗannan suna buƙatar akwati mai huji da yawa a sama da ƙasa, domin idan ka kulle su a rufaffen akwati zafin zai taru ne kawai a ciki. Na ASRock yana da wurin cusa adafta mai bolt 19 irin ta laftof, na ASUS kuma yana son wuta irin ta kwamfutar tebur, sai ka haɗa shi da ɗan ƙaramin mai raba wuta marar fanka da ake kira picoPSU. Hanya ta biyu ita ce rufaffen akwatin alminiyam wanda jikinsa gaba ɗaya shi ne mazuƙin zafi, furosesa yana manne da murfin kai tsaye ko ta bututun jan ƙarfe. Akasa da Streacom suna ƙera masu kyau amma da tsada, kuma akwai ƙananan akwatuna daga Sin masu haƙarƙari a sama, da N100 a ciki, waɗanda ake sayarwa babu RAM babu SSD, kai za ka sa naka.

A Legas na fi karkata ga hanya ta biyu. Ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu, da laimar damina, da iskar gishiri ga waɗanda suke kusa da teku kamar Lekki da Ajah, duk sun fi cutar da madabod ɗin da iska take ratsawa. Ƙura idan ta haɗu da laima tana zama danƙo a kan ƙafafun kayan lantarki, daga nan tsatsa ta biyo baya. Rufaffen akwati kuwa tsumma kawai yake so a goge haƙarƙarinsa. Idan ka sayi irin na Sin, ka buɗe shi ka duba man da aka shafa tsakanin furosesa da murfi don ya miƙa zafi, domin wani lokaci ana cika shi da yawa ko a bar giɓi. Ka goge, ka sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗaure kusoshin a hankali ɗaya bayan ɗaya ta kusurwa da kusurwa don ƙarfen ya zauna daidai. Kuma kada jikin akwatin ya tsorata ka idan ya yi zafi a hannu, wannan alama ce cewa zafin yana fitowa. Akwatin da yake da sanyi a waje alhali furosesa yana digiri 95 a ciki shi ne mai matsala.

Wurin ajiyewa rabin aikin ne. Kada ka sa shi a durowa ko ƙarƙashin tarin littattafai, kada ka ɗora masa komai a kai, kuma ka nisanta shi da hasken rana da inbata. Ka bar masa sarari kamar tafin hannu ta kowane gefe. Idan zai yiwu ka tsayar da shi yadda haƙarƙarin za su miƙe daga ƙasa zuwa sama, iska za ta fi bi ta tsakaninsu.

Ta fuskar wuta za ka ga bambanci sosai. Irin wannan kwamfuta tana cin kusan wat 12 a aiki na yau da kullum, wato idan tana aiki awa 10 a rana, yunit 3.6 ke nan a wata, alhali tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 80 za ta sha yunit 24. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa rukunin Band A a Afrilun 2024, wannan naira 810 ne a gefe ɗaya da 5,400 a ɗaya gefen. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, idan ka yi amfani da rabinsa kawai don ya yi ƙarko, zai riƙe kwamfutar tare da allo mai cin wat 20 sama da awa 15. Da yawa daga ƙananan akwatunan nan bolt 12 suke karɓa, amma kada ka jona su da batir kai tsaye, domin batir yana haura bolt 14 lokacin caji, ya kuma sauka idan ya yi rauni. Ka sa na'urar daidaita bolt a tsakani, tare da fiyus. Adafta kuma kada ka yi mata rowa, musamman kai mai naɗar murya: mai araha tana iya yin wani siririn kuka da kunne bai damu da shi ba sai fanka ta tafi, kuma tana iya shigar da gurnani cikin sautin ta layin USB. Adaftar laftof ta asali, ko da ta hannu ce, ta fi sabuwar jabu, muddin bolt ɗinta da bakinta sun yi daidai da abin da aka rubuta a jikin kwamfutar.

RAM da SSD da adafta da man shafawa duk za ka same su a Computer Village da ke Ikeja, wadda ba ta da nisa da kai, amma madabod ko akwatin mai yiwuwa sai an yi maka oda. Ka gwada SSD da manhajar CrystalDiskInfo a gaban mai shago don ka ga awannin da ya riga ya yi aiki, RAM kuma ka bar manhajar gwaji ta MemTest86 ta bi ta kansa idan ka isa gida.

Bayan ka haɗa, ka yi gwajin a ɗakin da za ka yi aiki, da tsakar rana, taga a rufe, fankar sama a kashe, kamar yadda kake yi lokacin ɗauka. Ka buɗe manhajar HWiNFO don ganin zafi, ka ba furosesan aiki mai nauyi na aƙalla awa ɗaya, domin akwatin alminiyam yana daɗewa kafin ya cika da zafi, kuma gwajin minti 10 ba zai nuna maka komai ba. Abin da kake nema shi ne furosesa ya tsaya ƙasa da digiri 85, SSD kuma ƙasa da 60. Idan sun wuce haka, ka koma BIOS ka rage PL1 da wat 1 ko 2, ka bar akwatin ya huce, sannan ka sake gwajin daga farko.