Amsa ga mai son fara gyaran tsofaffin agoguna

Malam, ka ce ka gaji agogon hannu irin wanda ake murɗawa ya yi aiki daga wurin kakanka, ya daina aiki, kuma kana so ka buɗe shi da kanka domin ka shiga sahun masu wannan sha'awa. Shawarata ita ce ka mayar da shi cikin akwati tukuna. Agogon farko da mutum ya kwance kusan kullum sai ya ji masa rauni, don haka bai kamata ya zama wanda ba shi da madadi ba.

Ni ma da agogon gado na fara, kuma har yau ina nadama. Ban san cewa dole ne a saki ƙarfin babban sifirin da ke tafiyar da agogon a hankali kafin a taɓa ƙusoshin da ke riƙe da giyoyi ba. Da na kwance ƙusa ta biyu sai ƙarfin ya kubce gaba ɗaya, giya guda ta rasa haƙora, na shafe watanni ina neman irinta.

Abin da ya dace da mai koyo shi ne injin agogon aljihu, domin kayan cikinsa manya ne. Yawancinmu mun koya ne da Unitas 6497, wanda faɗinsa ya kai kusan milimita 36, ko kuma kwafinsa da kamfanin Seagull na ƙasar Sin ke yi mai suna ST36. Ka tabbatar yana aiki lafiya kafin ka kwance shi, saboda idan ka haɗa ya ƙi tafiya, za ka san laifin daga hannunka yake. Ka riƙa ɗaukar hoto bayan cire kowane abu, domin ƙusoshin sun yi kama da juna amma tsawonsu ya bambanta.

Kayan aiki ba sa buƙatar yawa: ƙananan sukurudireba masu kyau, hantsaki wanda ba ya ɗaukar maganaɗisu, gilashin ƙara girma, da abin hura ƙura. Batun mai ne ya fi wahala. Man keke ko na keken ɗinki ba shi da gurbi a nan. Akwai mai na musamman irin Moebius 9010, kuma ɗigon da ake sa wa kowane dutsen yaƙutu, wato ƙananan duwatsun da giyoyi ke juyawa a kansu, da ƙyar ido ke ganinsa. Idan ya yi yawa sai ya malala ya kai ga siririn sifirin nan mai kama da gashi wanda ke daidaita bugun agogo, zagayensa su manne, agogo ya riƙa gudu fiye da ƙima. Haka nan maganaɗisu ke yi masa. Tsofaffin agoguna da yawa suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa, saboda haka ƙaramin kuskure kan taru ya zama mintuna a yini.

Akwai abin da ya shafi lafiyarka, ba ta agogon kaɗai ba. Har zuwa shekarun 1960 ana shafa wa lambobi da hannayen wasu agoguna fenti mai sinadarin radiyam domin su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma radiyam ɗin yana nan, tunda sai bayan shekara kusan 1,600 rabinsa ke ƙarewa. Kada ka kankare shi, kada ka hura ƙurarsa. Ita kanta fuskar agogon, ko da ta yi dushi-dushi, gara a bar kaza cikin gashinta, domin wanki yakan tafi da rubutun.

Idan za ka nemi taimakon waɗanda suka riga ka, ka turo hoton injin a fili tare da lambarsa, wadda galibi ake bugawa a ƙarƙashin gargaren da ke kai da komowa. Da wannan lamba ake gane ko ana samun kayan gyaran agogon kakan naka.