Me ya sa labarin Odisiyas bai ƙare da isowarsa gida ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa waƙar Odisi ta Homa, mawaƙin Girka na dā, ta ci gaba bayan jarumin ya taka ƙasarsu. Ni ma abin ya ɗaure mini kai da farko.

Girkawan dā suna kiran wannan jigo nostos, wato komawa gida. A wurinsu isowa ba ta wadatar, sai mutanenka sun gane ka, ka karɓi matsayinka. Odisiyas ya yi shekara 10 a yaƙin Taroi, ya ƙara 10 a hanya. Waƙar kashi 24 ce, amma tun a kashi na 13 ya sauka ƙasarsu, tsibirin Itaka, ya shiga gidansa daga baya cikin tsummokaran mabaraci.

Tsohon karensa Argos, kwance kan tarin taki, ya gane shi, ya kaɗa wutsiya, ya mutu. Tsohuwar da ta rene shi ta gane shi da ta shafo tabon cinyarsa tana wanke masa ƙafa. Matarsa Fenelofi kuwa ta ƙi sakin jiki sai da ya faɗi sirrin gadonsu, wanda ƙafarsa ɗaya kututturen zaitun ne da saiwarsa ke cikin ƙasa. Nan ne ya fi ratsa zuciyata.

Kada ka ɗauka kowace komawa alheri ce. Agamemnon, jagoran Girkawa a yaƙin Taroi, ya iso gida lafiya, matarsa ta kashe shi, kamar yadda marubucin Girka Askilos ya nuna a wasan kwaikwayonsa na shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka kuma guji taƙaitattun labaran da ke tsayawa kan dodanni da guguwar teku.

In aikin makaranta kake rubutawa, tuntuɓi malamin da ya san tsohon Girkanci, domin fassarori sukan saɓa wa juna.