Tambaya da Amsa: Hutu a Bakin Tafkin Komo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun samu biza, za mu yi kwana huɗu a Tafkin Komo da ke arewacin Italiya. A wane gari ya kamata mu kama otal, kuma sai mun yi hayar mota?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku sauka a tsakiyar tafkin, ku bar zancen mota. Tafkin rassa uku gare shi, kamar gwafa. Bellagio na daidai mahaɗar rassan, Varenna a gaɓar gabas, Menaggio da Tremezzo a yamma, kuma tsallakawa tsakaninsu a jirgin fito minti 15 zuwa 20 ne. Wanda ya sauka a birnin Komo, can ƙarshen kudu, jirgi mai tsayawa gari-gari zai ci masa kusan awa 2 kafin Bellagio. Mai gudun yana yi cikin minti 45, amma da ƙarin kuɗi, kuma kujerunsa kan ƙare da wuri. Mu dai Varenna muka fi so muku, domin jirgin ƙasa daga babbar tashar Milan yana kaiwa can cikin awa ɗaya.

Hanyoyin bakin tafkin ƙunci gare su, wurin ajiye mota ya yi ƙaranci. Tsofaffin unguwanni kuma suna da allo mai rubutun ZTL, wato wurin da aka taƙaita shigar motoci: baƙo ya shiga da mota, kyamara ta ɗauki lamba, tarar ta biyo shi bayan watanni ta hannun kamfanin haya.

Kafin ku biya, ku rubuta wa otal ɗin ku tambayi matattakala nawa ne daga tashar jirgin ruwa zuwa ƙofarsu. Garuruwan nan a jikin dutse aka gina su, wasu lungunan tsani ne zalla, akwati mai taya ba ya da amfani a nan. Ku kuma nemi hoton tagar ainihin ɗakin da za a ba ku. Za a karɓi fasfo ɗinku a yi rajista, dokar ƙasar ce, sannan akwai harajin baƙi na kowane mutum a kowane dare, wanda galibi a otal ake biyansa daban, da Yuro.

Tambaya: Lambuna ne suka ja ni. Wanne wata ya fi, kuma wanne zan fara gani?

Amsa: Malam, Afrilu zuwa Mayu. A lokacin ne furannin azaliya na Villa Carlotta da ke Tremezzo suke buɗewa, a lambu mai faɗin kimanin hekta 8. Ware masa awa 2 zuwa 3, ka shiga da safe kafin jirage su sauke jama'a.

Villa del Balbianello a Lenno ita ce mutane suka fi yin kuskure a kanta. Mai gidan na ƙarshe, Guido Monzino, ya bar ta wasiyya ga FAI, gidauniyar kula da wuraren tarihi ta Italiya, a 1988, kuma ba a buɗe ta ranakun Litinin da Laraba. Yanki tikiti ta intanet tun kana gida. Daga Lenno, ko dai ka taka hawa na kusan minti 20, ko ka shiga ƙaramin kwalekwalen haya. Lambun Villa Monastero a Varenna siriri ne, yana bin gaɓa kusan kilomita 2. Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Maris yawancin lambunan da otal-otal da dama a rufe suke, jirage ma sai a rage su.

Tambaya: Da mahaifiyata za mu je, kuma gwiwarta na damunta.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Kai ta lambun Villa Melzi a Bellagio, gidan da aka gina tsakanin 1808 da 1810. Babbar hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce a bakin ruwa, ƙarƙashin inuwar itatuwa. In tana son kallon tafkin daga sama, akwai jirgin hawan dutse daga Komo zuwa Brunate, yana aiki tun 1894, tafiyar minti 7 ce. Kullum ka duba lokacin jirgin ruwa na ƙarshe kafin ku fita, domin in ya wuce ku a ɗaya gaɓar, zagayowa a tasi doguwar tafiya ce mai tsada.