Tsakanin raini da raino

Wani mai karatu daga Mabera, nan Sakkwato, ya aiko yana cewa: "Malam, na rubuta wa goggota saƙon godiya na ce 'ke kika raina ni', sai ta yi fushi. Ashe ba raino ake faɗi haka ba?"

Ɗana, goggo tana da gaskiya. Kalmomi biyu ne da rubutun boko ya haɗa musu kamanni, don ba ma sa alamar karin sauti, sai a ƙamus irin na Bargery na 1934. Amma ko babu alama, ƙarshen kalmar yana tona asiri. Ta raino tana sauya wasali: ta raini yaro, ta raine shi. Ta raini kuwa ba ta motsi: ta raina yaro, ta raina shi. Da ka rubuta "ke kika raine ni", da albarka za ka sha. Harafi ɗaya ya jawo maka.

Shi raini, tushensa ganin abu ƙarami. Shi ya sa ba mutum kaɗai ake rainawa ba. Ka miƙa wa ɗan dako kuɗi a Tsohuwar Kasuwa, ya juya su a tafin hannu, ya dube ka bai ce uffan ba, to ya raina. Ba kai ya ƙasƙanta ba, kuɗin ne suka yi masa kaɗan. Nan raini ya rabu da wulaƙanci, wanda sai an aikata shi a fili. Raini yana iya zama cikin zuciya shekara goma, sai ranar da tsaki ya kuɓuce.

Abin da na lura, karin maganarmu ba ta goyon mai raini. Ɗan hakin da ka raina shi ka tsone ma ido, kamar yadda muke faɗi a nan. Raina kama ka ga gayya. Wadda na fi so ita ce "wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara", don ba ta yi gardama da mai suka ba, tsani kawai ta nuna masa.

"Rainin hankali" da "rainin wayo" da samari ke yawan faɗi duk gida ɗaya ne: an ɗauki hankalinka ƙarami.

Goggo kuwa, kada ka sake tura saƙo. Tafi da ƙafarka, da ɗan goro.