Amsar Baffa Kan Bindigar da Ka Gani a Ƙugun Ɗan Ajinku

Wa'alaikumus salam ɗana. Saƙonka ya iso, innarka tana gaishe ka. Ka ce kuna laburaren jami'arku a Texas wani ɗan ajinku ya sunkuya, rigarsa ta ɗage, ka hango ƙotar bindiga a ƙugunsa, kuma ko a jikin kowa. Kana tambaya shin al'adarsu ce ko karya doka, sannan tunda ya gayyace ka filin koyon harbi, ka je ko ka ƙi.

Bari in fara da ta biyun don ta fi gaggawa: kada ka je. Dokar tarayyar Amurka ta haramta wa wanda ya shiga ƙasar da bizar wucin gadi, irin taka ta karatu, riƙe bindiga ko harsashi. Riƙewa na ce, ba saye kaɗai ba. Ko haya ka karɓa a filin harbi na rabin awa, ka shiga ciki. Akwai 'yan keɓance-keɓance, wanda aka fi sani shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha, amma kai ba ka da shi. Hukuncin yana iya kai shekara 15 a kurkuku, ga kora daga ƙasar. Abokin naka ɗan ƙasa ne, da wuya ya san da wannan doka. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, to wannan jelar ba ta baƙo ba ce.

Batun al'ada kuwa, e, al'ada ce, amma ba tsohuwa ba kamar yadda su kansu suke zato. Gyara na biyu ga kundin tsarin mulkinsu, na 1791, ya ba mutane 'yancin mallaka da ɗaukar makami. Sai dai a da ɓoye makami a jiki halin ɗan ta'adda ne a idonsu. Mai mutunci a fili yake rataya nasa. Tun 1813 Kentucky da Louisiana suka hana ɓoyewa. Abin ya juya ne daga 1987, da Florida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisi, ba sai jami'i ya ga dama ba. Kotun ƙoli ta zo ta ɗaure maganar: a 2008 ta ce haƙƙi ne na kowane mutum a gidansa, a 2022 kuma ta rushe dokar New York da ke neman mutum ya kawo dalili na musamman kafin ya fita da bindiga.

Labarin jihar da kake zaune zai nuna maka inda gardamar take. A 1991 wani ya kutsa da mota cikin gidan abinci a garin Killeen, ya buɗe wuta kan mai uwa da wabi, ya kashe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda aka kashe iyayenta biyu a wurin. Tana da bindiga, amma ta bar ta a mota saboda doka ta hana shiga da ita. Ta yi ta ba da shaida a majalisa, har gwamna George W. Bush ya sa hannu kan dokar lasisin ɓoye bindiga a 1995. Ka ga kenan, kisan da zai sa wata ƙasa ta tattara bindigogi, kamar yadda Ostireliya ta yi bayan kisan gillar garin Port Arthur a 1996, a Texas ƙara su ya yi. Jini ɗaya, darasi biyu. Duk lokacin da aka yi sabon kisa, ɓangare ɗaya ya ce bindigogi sun yi yawa, ɗayan ya ce na kirki ne ba su da ita a wurin.

Lasisin nasu ba shi da wahala, kuma a ganina nan ne rauninsa. Dala 40, a ɗauki zanen yatsu, a binciki tarihin laifi, a zauna aji na awa 4 zuwa 6, a yi jarrabawa. Sai gwajin harbi da harsashi 50: guda 20 daga yadi 3, guda 20 daga yadi 7, guda 10 daga yadi 15, ana neman maki 175 cikin 250. Takarda ce a rataye, ba ta motsi, ba ta ramawa. Tun watan Satumba na 2021 ma mai shekara 21 yana iya yawo da ƙaramar bindiga a Texas babu lasisin, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar haka suke yanzu. Amma cikin ginin jami'ar gwamnati, wanda aka halatta tun 2016, sai mai lasisi, kuma a ɓoye. Don haka mai yiwuwa ɗan ajin naku yana kan doka. Ka riƙa duba ƙofofi: allo mai lamba 30.06 yana hana mai lasisi shiga da ɓoyayya, 30.07 yana hana ta fili, jan allo mai 51% kuma na mashaya ne, yana hana shiga da ita.

Haɗarin da ya fi kusa da kai ba ɗan bindiga daɗi ba ne, sakaci ne. Mutum zai zare gidan harsashi ya ɗauka bindiga ta zama fanko, ya manta akwai ɗaya da ya riga ya hau. Haka ake harbe aboki ana nuna masa sabuwar saye. Wani kubensa mai laushi ne bai rufe kunama ba, yana mayar da ita gefen riga ya shiga ya ja. Wani zai ga allon hani ya bar ta a mota, ɓarawo ya fasa gilashi ya ɗauke. In wani ya fito da tasa a ɗaki yana juyawa, nemi uzuri ka fita, ba rashin ladabi ba ne.

Kada ka ɗauka masu goyon baya ba su da hujja. A 2022 a wata cibiyar kasuwanci ta Greenwood, jihar Indiana, wani ya kashe mutum 3, wani saurayi ɗan shekara 22 ya harbe shi cikin daƙiƙa 15. Wa ya san rayukan da ya ceta? Amma a Arvada ta Colorado a 2021, wani da ya kashe mahari ya ɗauki bindigar maharin a hannu, ɗan sandan da ya iso ya zaci shi ne, ya kashe shi. A harin makarantar firamare ta Uvalde a Texas kuwa, Mayun 2022, jami'an tsaro 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai 2 suka mutu. Bindiga a wurin ba ta yi ƙaranci ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin wannan kisa, duk da shi ke cika labarai, ƙaramin kaso ne. A 2021 sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabi kuma kansu suka kashe. Shi ya sa na fi ba da nauyi ga dokokin da ba su da armashi a siyasa: kulle bindiga a gida, ba alƙali ikon karɓe ta na ɗan lokaci daga wanda ya nuna alamar haɗari, da toshe giɓin bincike. Dila mai lasisi dole ya tambayi FBI kafin ya sayar, amma in kwanakin aiki 3 suka wuce babu amsa, yana iya miƙawa. Ta nan wanda ya kashe mutum 9 a cocin Charleston a 2015 ya samu tasa. Cinikin mutum da mutum kuwa, a jihohi da yawa har da Texas, babu mai tambayar kowa. Dokar da majalisar tarayya ta yi bayan Uvalde ta tsananta bincike kan 'yan ƙasa da shekara 21, ba ta taɓa nau'in bindigogin ba.

Ka ce abin ya tuna maka da Zamfara, da gwamnati ta ce wa jama'a a 2022 su nemi lasisi su kare kansu. Hujjar ta yi kama, tushen ya bambanta. A wurinmu, bisa dokar makamai ta 1959, hani ne asali, izini ake nema. A wurinsu izini ne asali, gwamnati ce ke kare kanta a kotu in ta hana.

Saura ɗaya, kuma ka riƙe shi da kyau, domin kai baƙar fata ne. Philando Castile yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sanda da bakinsa cewa akwai bindiga a jikinsa, amma aka harbe shi cikin motarsa a Minnesota a 2016. Ɗan sandan can yana tunkarar kowace mota da zaton akwai makami. In an tsayar da ku, kashe injin, sauke gilashi, in dare ne kunna fitilar ciki, hannaye biyu kan sitiyari. Kada ka kai hannu aljihu sai ka faɗi abin da za ka ɗauko ya amince. In motar abokin nan ce, tambaye shi tun kafin ka shiga ko yana ɗauke da ita, da inda ya ajiye ta.

Ka gaida abokan zamanka, ka kira innarka ranar Juma'a.

Baffanka.