Za a canza kuloci, fulawil ɗin fa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar fasinja da Sharan mai shan dizal tsakanin Kano da Zariya. Kuloci ya fara zamewa, bakanikena ya sauke giyabos, sai ya ce har fulawil sai an canza, ga shi ya fi kulocin tsada. Ba zan iya mayar da tsohon ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka zargi bakaniken da son cin kuɗinka, je garejin ka taɓa abin da hannunka. Fulawil shi ne faifan ƙarfen da ke bayan inji, wanda kuloci ke kamawa. Sharan mai injin dizal na TDI yawanci fulawil ɗinta ɓari biyu ne, da sifirin a tsakaninsu mai shanye jijjigar injin. Riƙe na baya, ka murɗa na gaba. Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne. Amma in ya yi lako-lako, ko yana ƙwanƙwasa, ko giris na tsatsowa daga ciki, ko fuskarsa ta yi shuɗi don ƙuna, to ya gama aiki. Irin wannan ba a fere shi. Ka ɗora masa sabon kuloci, mota za ta riƙa karkarwa wajen tashi, bayan 'yan watanni ka sake biyan kuɗin sauke giyabos.

Da dunƙulallen ƙarfe ne, irin na Golf 3 mai fetur, da na ce ka mayar da abinka. Muddin bai tsage ba kuma haƙoran da kik ke kamawa ba su cinye ba, masu injin fere ƙarfe za su share fuskarsa, shi ke nan.

Wasu za su ce ka koma dunƙulallen gaba ɗaya. Yana da juriya, gaskiya ne, sai dai jijjigar da sifirin ke shanyewa giyabos za ta koma, za ka kuma ji ƙara in mota na tsaye. In ka zaɓi haka, sayi cikakken saiti da filet ɗinsa (faifan kuloci) mai sifirin, kada a yi maka haɗe-haɗe.

Abin da ni ba zan saya ba shi ne mai ɓari biyu ɗan Beljiyam. A Ƙofar Ruwa za ka same shi da araha, amma cikinsa a rufe yake, ba mai gaya maka tafiyar da ya sha a Turai.

Tunda an riga an buɗe, a duba oyil sil ɗin da ke bayan fulawil. In yana yoyo, baƙin mai zai jiƙa sabon filet ɗin, ya koma zamewa.