Hukuncin Matuƙin Ƙaramin Jirgin Sama Idan Fasinja Suka Mutu a Hannunsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne, na kammala koyon tuƙin jirgin sama, ina kuma sa ran fara aiki da masu ƙananan jiragen shata, irin waɗanda manyan mutane ke ɗauka. Na gaba da mu a aikin suna ba mu labarin yadda wani lokaci mai jirgi ko babban fasinja ke matsa wa matuƙi ya tashi alhali gari ya yi hazo, ko hadari ya haɗo, ko a jibga kaya fiye da ƙima. Idan na yi zancen a gida sai a ce in bar wasuwasi, wanda kwanansa ya ƙare ya ƙare. To Malam, in jirgi ya faɗi a hannun matuƙi mutane suka mutu, akwai diyya da kaffara a kansa, ko ƙaddara ce kawai? In shi ma ya rasu a ciki fa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, mutanen gidanku sun yi gaskiya da suka ce ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Sai dai wanda aka soka da wuƙa ma kwanansa ne ya ƙare, kuma ba wanda ya taɓa cewa a sallami mai wuƙar. Ƙaddara ta game duk abin da ya faru, wanda aka yi da sakaci da wanda ba a yi da sakaci ba, don haka ba ita ce ke raba mai laifi da mara laifi ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Sai ya ce: "Na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ga ƙaddarar Allah." Matuƙin da ya dubi sama ya ce yau ba tashi, abin da Umar ya yi ke nan.

Abin da shari'a ke tambaya bayan hatsari shi ne: akwai wanda ya yi sakaci da abin da ya wajaba a kansa, ko ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa? In akwai, lamuni yana kansa. In babu, ba komai a kan kowa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da shimfiɗa wannan a kan dabba da jirgin ruwa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta suna lamunce abin da ta taka, amma abin da ta yi ba da aikinsu ba ya tafi a banza. Shehu Khalil kuma, da ya zo kan jiragen ruwa biyu da suka yi karo, ya yi wa matuƙan uzuri ne da gazawa ta haƙiƙa kaɗai, irin ta wanda iska ta fi ƙarfinsa, sannan ya fitar da tsoron nutsewa da duhu daga cikin uzuri. Ka riƙe wannan kalma ta duhu, don za mu bukace ta. A wannan zamani ma, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin tuƙi wajibi ne a shari'ance, kuma direba yana lamunce ɓarnar da ya yi sai in abu ne da ya fi ƙarfinsa, wanda ba shi da hanyar kauce masa. Maganarsu a kan motoci ce, amma dalilin ɗaya ne, a jirgi ma ya fi ƙarfi. Direba in ya ga ba dama yakan gangara gefen hanya ya kashe mota, a sama kuwa babu gefen hanya.

To yaya ƙananan jiragen nan ke faɗuwa? Ka fi ni sanin wannan, amma zan faɗa saboda masu karatu, kuma saboda hukunci ba ya sauka daidai sai an san yadda abin yake. Jama'a sun ɗauka kullum inji ne ke mutuwa. Binciken hukumomi a ƙasashe daban-daban yana nuna mafi yawan hatsarin ƙananan jirage daga shawarar matuƙi ko aikin hannunsa suke tasowa, lalacewar inji tana baya.

Daga cikin waɗanda suka fi ɗaukar rai akwai matuƙin da ke tafiya da ganin ido ya kutsa cikin gajimare ko hazo ko duhu. Mutum yana gane sama da ƙasa ne da ido da kuma ma'aunin da Allah ya sanya masa a can cikin kunne. In ido ya rasa inda sama ta haɗu da ƙasa, kunnen sai ya riƙa yi masa ƙarya: jirgi ya karkata yana gangarawa, shi kuwa jikinsa na gaya masa a miƙe yake. Ba mai tsira daga wannan sai wanda aka horar da shi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'urorin da ke gabansa, kuma wannan horo lasisinsa daban ne. Haka ɗan tsohon shugaban Amurka John Kennedy ya faɗa teku a daren 16 ga Yuli 1999, shi da matarsa da 'yar'uwarta, a jirgi mai inji ɗaya. Dare ne mai hazo, shi kuwa bai kai ga samun lasisin tuƙi da na'ura ba. Mu nan ma mun ga jirgin da Gwamna Danbaba Suntai na Taraba yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola ranar 25 ga Oktoba 2012, kuma rahoton masu bincike ya ambaci rashin cancantar tuƙa irin wannan jirgi da kuma tafiya da ganin ido bayan faɗuwar rana. Wanda ya san hazon hunturu a ƙasar Hausa, yadda ƙura kan rufe gari har manyan jirage su kasa sauka a Kano ko Sakkwato, ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

A nan kalmar Shehu Khalil take aiki. Duhu ba uzuri ba ne, domin rana ba ta faɗuwa bagatatan. Hazon da hukumar hasashen yanayi ta sanar tun da safe shi ma haka. Matuƙin da ya samu rahoto, ya san iyakar lasisinsa, ya tashi duk da haka, ya ƙetare iyaka tun yana ƙasa, ko da a sama ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wanda ya hau teku lokacin da yake tumbatsa ya mutu, to an barranta daga alhakinsa. In an faɗi haka a kan wanda ya jefa ransa shi kaɗai, ina ga wanda ya ɗauki rayukan wasu? Wanda kuwa ya tuƙa jirgin da ba a horar da shi a kansa ba, ya shiga ƙarƙashin hadisin Abu Dawuda: wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, shi ne mai lamuni.

Sai lodi. Kowane jirgi yana da iyakar nauyinsa, yana kuma da inda ya kamata nauyin ya zauna. In kaya suka taru a baya, hanci sai ya ɗaga, fukafukai su rasa iskar da ke riƙe su. Zafin rana yana ƙara dagula lissafin, don iska mai zafi ba ta da kauri, jirgin da ya tashi lafiya da sanyin asuba zai nemi titi mafi tsawo da azahar ɗin bazara. A watan Agustan 2001 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a tsibiran Bahamas daga tashinsa, mutum 9 suka mutu, bincike ya nuna an yi masa lodin da ya zarce ƙima da kimanin kilo 300. Ƙarewar mai a sama da barin ruwa a cikin tanki ba sa ma bukatar dogon bayani. Abu ne da ake aunawa a kuma tsiyaye a duba kafin a tashi, wanda ya tsallake shi ya yi sakaci.

Duk waɗannan, in rai ya salwanta, kisan kuskure ne, tunda matuƙi bai nufi kashe kowa ba. Hukuncinsa yana aya ta 92 a Suratun Nisa'i: diyya ga magada sai in sun yafe, da kaffara. Diyyar namiji Musulmi raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin giram 4,250, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ba a kan matuƙi shi kaɗai take ba, a kan danginsa na wajen uba take, ko jama'ar da yake cikin rajistarsu suke taimakon juna, a biya cikin shekara uku. A yau doka ta tilasta wa masu jirage yin inshora, kuma abin da kamfani ko masu inshora suka biya magada halal ne su karɓa, ana lissafa shi cikin diyya. Fasinjan da ba Musulmi ba, wanda muke zaune lafiya da shi, ayar nan da kanta ta wajabta a miƙa diyya ga iyalinsa. Kaffara kuwa ba wanda zai ɗauke wa matuƙi ita, kuma yafewar magada ba ta kayar da ita. Tunda babu bawan da za a 'yanta, azumi ne na wata biyu a jere saboda kowane mumini da ya mutu. Mutum huɗu, kaffara huɗu, yana iya hutawa tsakanin kaffara da kaffara. Babu ciyarwa a madadinta a wurin mafi yawan malamai, domin ayar ba ta ambace ta ba.

Amma matuƙin da ya cika duk abin da ke kansa, ya duba jirginsa, lasisinsa ya dace, rahoton yanayi ya ba da hanya, sannan tsuntsu ya faɗa wa inji, ko wani ƙarfe ya karye a inda ido ba ya kaiwa, ko guguwa ta taso ba zato, to babu diyya babu kaffara a kansa, kada kuma ya kashe kansa da zullumi. Shi ya sa ba na son gaggawar da mutane ke yi a Facebook tun hayaƙi bai lafa ba. Da jirgin da ya ɗauko Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021 cikin mummunan yanayi, mutum 11 suka rasu, kafin gari ya waye kowa ya zama alƙali. Ɗora wa mamaci laifi ba tare da hujja ba zalunci ne. Wannan fage na masana ne, Allah ya ce a tambayi ma'abota sani, kuma alƙali da rahotonsu zai yi aiki.

Ba kuma kullum matuƙi ne mai laifin ba. Injiniyan da ya sa hannu cewa ya gyara alhali bai gyara ba, ko mai jirgin da ya ɓoye aibin da ya sani, lamuni yana komawa kansu in matuƙi ba shi da hanyar ganowa. Masoya ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, wanda jirginsa ya faɗa teku tsakanin Faransa da Ingila ranar 21 ga Janairu 2019. An samu gubar hayaƙin salansa mai yawa a jininsa, irin wadda ba ta da wari ba ta da launi, matuƙin kuma ba shi da izinin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba shi da na tuƙin dare. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18, duk da cewa ƙafarsa ba ta taka jirgin ba. Shari'armu ma tana bai wa hukuma damar hukunta irin wannan, ko da hatsarin bai auku ba.

Yanzu ga abin da na ga ya fi damunka, matsin manya. Faɗan mai gida, ko fushin gwamna da ke son isa taro, ko barazanar kora daga aiki, babu wanda ya kai tilascin da ke ɗauke lamuni. Ko da takobi aka ɗora wa mutum a wuya, malamai ba su halatta masa ya halaka wani don ya tsira ba, balle don albashi. Babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, kuma dokar aikinku da kanta ta sanya maganar ƙarshe a bakin matuƙi. Wanda ya matsa yana da nasa zunubin, alƙali kuma yana iya haɗa shi cikin lamuni gwargwadon hannunsa a ciki, amma wannan ba zai wanke ka ba. Kuma ka tuna a jirgin akwai ɗan rakiya da mai tsaro da ba wanda ya nemi shawararsu. Saboda haka haramun ne ka tashi alhali ka san yanayi ko lodi ko lafiyar jirgi sun fita daga ƙa'ida, ko da an sauka lafiya. Saukar lafiya sau goma ba ta mayar da haram halal, sai dai ta ƙara wa mutum ƙarfin halin da zai kai shi ga ta sha ɗaya.

In matuƙi mai sakaci ya rasu tare da fasinjansa, diyyarsu tana nan a kan danginsa ko wanda ya tsaya a matsayinsu, mutuwarsa ba ta kayar da haƙƙin magada. Shi kansa ba a biyan diyyarsa, domin dangi ba sa ɗaukar diyyar wanda ya yi sanadin mutuwar kansa, kamar yadda ya zo a Risala. Azumin kaffara kuwa bai samu lokacin yinsa ba, a mazhabarmu kuma wani ba ya yi wa wani azumi, don haka ba komai a kan magadansa, sai dai su yawaita yi masa addu'a da sadaka. Ba a ce masa wanda ya kashe kansa, tunda bai nufi mutuwa ba. A yi masa wanka da salla kamar kowane Musulmi. In wuta ta ci jiki har ba ya jure cuɗa, a kwarara ruwa kawai, in hakan ma ba zai yiwu ba a yi masa taimama.

Wallahu a'alam.